Sito Ya Zama Masauki: Sharhi a Kan Otal ɗin Titanic na Tashar Stanley a Liverpool

1.0 Gabatarwa

Tun daga wajen shekarun 1970, sa'ad da manyan masana'antu da tashoshin jiragen ruwa na ƙasashen Turai suka fara durƙushewa, aka sami wata sabuwar al'ada ta mayar da tsofaffin gine-ginensu gidajen kwana, ko gidajen tarihi, ko kuwa masaukin baƙi. Masu irin wannan aiki sukan yi da'awar abubuwa biyu, watau cewa sun ceci ginin daga rushewa, da kuma cewa adon da suka yi masa daga ciki ya samo tushe ne daga tarihinsa. Da'awa ta farko ana iya tabbatar da ita da ido. Amma ta biyun tana bukatar nazari, domin kowane tsohon gini yana ɗauke da labarai masu yawa, kuma mai yin ado zaɓa yake yi a cikinsu, ya fito da wani ya danne wani.

Manufar wannan maƙala ita ce a ɗauki misali guda a duba shi a tsanake. Misalin kuwa shi ne Otal ɗin Titanic, wanda aka buɗe a 2014 cikin tsohon sito na arewa da ke Tashar Stanley a birnin Liverpool na ƙasar Ingila. Za a dubi aikin ta fuskar gyaran ginin, da adon cikinsa, da kuma sunan da aka raɗa masa. Ma'aunin da za a yi amfani da shi ba baƙo ba ne ga masana adana kayan tarihi. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta yarda cewa bai wa tsohon gini aikin yi mai amfani ga jama'a yana taimakawa wajen adana shi, muddin ba a ɓata tsarinsa ba, kuma sabon abin da aka ƙara ya zama ana iya bambanta shi da na asali. Yarjejeniyar Nizhny Tagil ta 2003 kuwa, wadda ta keɓanta ga gine-ginen masana'antu, ta ƙara da cewa darajarsu ta haɗa da kasancewarsu shaida a kan rayuwar talakawan da suka yi aiki a cikinsu.

2.0 Asalin Ginin

Kafin a yanke hukunci a kan gyara, ya kamata a san abin da aka gyara. Tashar Stanley wani gurbin ruwa ne da aka haƙa aka kewaye da bango, inda jirage ke shiga su sauke kaya. An buɗe ta a 1848 tare da wasu tashoshi huɗu maƙwabtanta, kuma wanda ya tsara su duka shi ne Jesse Hartley, injiniyan tashoshin Liverpool daga 1824 har zuwa mutuwarsa a 1860, wanda kuma shi ne ya gina Tashar Albert da aka buɗe a 1846. Tashar Stanley ta bambanta da saura domin tana can cikin tudu, bayan babban titin tasha, kuma daga gare ta ne wasu matakan ruwa huɗu masu ƙofofi suke hawa da ƙananan jirage zuwa hanyar ruwan da aka haƙa tsakanin Liverpool da Leeds. A cikin shekarun 1850 aka gina sito biyu masu hawa biyar, ɗaya a arewa da ruwan, ɗaya a kudu.

Kowane sashe na tsarin wannan sito yana da dalilinsa na ciniki. An gina shi da jan bulo da ginshiƙan zubabben ƙarfe, aka ɗaure rufin kowane hawa da bakuna na bulo a maimakon katako, saboda gobara ta sha cinye sito-sito a birnin. An kafa manyan ginshiƙai a daidai gaɓar ruwa, aka janye bangon hawa na ƙasa ya koma ciki, don jirgi ya tsaya a jikin gini a ɗebe kaya kai tsaye ba tare da sun kwana a fili ba. Tagogi ƙanana ne, domin kaya ba sa bukatar haske, ɓarawo kuwa yana bukatar taga. Dogon bangon da ya kewaye wurin an yi shi ne saboda kayan da ke ciki ba a biya musu kuɗin fito ba tukuna, suna ƙarƙashin idon kwastan har ranar da za a fitar da su. Kayan da wannan tasha ta fi shahara da su su ne taba da barasar rake, wadda Turawa ke kira ram.

Cinikin taba ya bunƙasa har ya sa aka cike sashen kudu na ruwan aka gina wani ƙaton sito, wanda aka gama a 1901, mai hawa 14, da bulo kimanin miliyan 27. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu bom ya rushe wani ɓangare na sito na arewa, daga baya aka gina sabon ɗakin ajiyar barasa a gurbinsa cikin shekarun 1950. Abin da ya kashe tashar shi ne zuwan manyan jirage masu ɗaukar kaya a cikin kwantena, waɗanda aka buɗe musu sabuwar tasha a Seaforth a 1972. Zuwa shekarun 1980 an daina amfani da sito-siton Stanley, suka zama kango, masu shirya fim kuma suna zuwa neman wurin da ya yi kama da tsohon zamani.

3.0 Gyaran Ginin

Kamfanin Harcourt Developments na ƙasar Ayalan ne ya ɗauki aikin, ya kashe kimanin fam miliyan 36, ya fitar da ɗakuna 153 daga cikin sito na arewa, ya kuma mayar da ɗakin ajiyar barasa zauren taro. Da yake ginin yana cikin jerin waɗanda dokar Ingila ta kare a mataki na biyu mai tauraro, ba a taɓa komai a jikinsa sai da izini.

Mayar da sito masauki yana da wahalar da mai kallo daga waje ba zai gane ba. Gini ne da aka yi don ganguna, babu bututun ruwa, babu hanyar ɗumama ɗaki, babu isasshen haske, ga kauri da faɗi. Mai gyara yana da hanya biyu: ko ya tilasta wa ginin ya bi awon otal na zamani, ya fasa bango ya faɗaɗa tagogi ya rufe bakuna da silin, ko kuwa ya sa otal ɗin ya bi awon ginin. A nan an bi hanya ta biyu, kuma a ganinmu ita ce daidai. Tazarar ginshiƙai da jerin tagogi su suka yanke girman ɗakuna, shi ya sa har mafi ƙanƙanta a cikinsu ya haura murabba'in mita 50, alhali ɗan kasuwa mai ƙidayar riba zai so ya raba wannan fili gida biyu. An bar bakunan rufi a buɗe, an bar bango da bulonsa, an bar tagogi a siffarsu. Rumfar da ke tsakanin ginshiƙai da bango, inda dā ake sauke kaya, ta zama wurin zama a bakin ruwa, kuma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa sun zama wurin wanka da tausa.

Dole a faɗa cewa ginin kansa ya taimaka, domin rufinsa yana da tsawo. Maƙwabcinsa, watau ƙaton siton taba na 1901, an yi rufin hawansa gajere ƙwarai daidai da tsayin gangunan da ake jerawa, saboda haka da aka zo mayar da shi gidajen kwana sai da aka fasa sassan daɓen wasu hawa, aka kuma huda tsakiyarsa don haske ya shiga. Wannan ya nuna cewa ba kowane tsohon gini ne yake karɓar kowane sabon aiki ba tare da rauni ba, kuma zaɓen aikin da ya dace da gini shi ne matakin farko na adana shi.

Darajar wannan gyara ta ƙara fitowa fili bayan abin da ya faru a 2021. Hukumar UNESCO ta sa gaɓar ruwan Liverpool cikin jerin wuraren gado na duniya a 2004, Tashar Stanley tana ciki. Ta sa ta cikin waɗanda ke fuskantar haɗari a 2012. Sa'an nan ta cire ta gaba ɗaya a watan Yuli na 2021. Abin da hukumar ta yi kuka da shi shi ne shirin sababbin dogayen gine-gine a gaɓar arewa, da kuma cike Tashar Bramley-Moore don gina filin ƙwallon ƙungiyar Everton. A cikin yankin da ake ta asarar siffarsa ta dā, ga gini guda na Hartley yana tsaye da bangonsa da ruwansa, kuma akwai mai biyan kuɗin gyaran rufinsa. Ta wannan fuska aikin ya cika sharaɗin Yarjejeniyar Venice, kuma ya cancanci yabo.

4.0 Adon Ciki

Adon cikin otal ɗin iri biyu ne, kuma ya kamata a rarrabe su. Iri na farko shi ne wanda ginin ya zo da shi, watau bulo da ƙarfe da baka. Masu ado sun kame hannunsu a nan. Sun zaɓi launuka masu duhu da sanyi, da katako da fata, waɗanda ba sa gasa da jan bulo, kuma kayan da suka shigo da su, kamar gadaje da kujeru da kayan makewayi, na zamani ne a fili, ba a tsufar da su da gangan don su yaudari ido ba. Baƙo yana iya nuna abin da Hartley ya gina da abin da aka kawo a 2014 ba tare da ruɗewa ba.

Duk da haka akwai abin lura ko a nan. Bulon da aka bari tsirara a dā alama ce ta cewa wurin ba na zaman mutum ba ne, ba a ga dalilin ɓata kuɗi a yi masa yaɓe ba. Yau wannan tsiraici shi ne abin sayarwa, har ana kwaikwayonsa a sababbin gine-ginen da ba su taɓa ganin ganga ba. Baƙon da ya kwanta ƙarƙashin bakan bulo cikin ɗumi da ƙamshi yana ganin siffar wurin aiki, amma sanyin hunturu da ƙura da nauyin kaya sun tafi, kuma babu mai gyaran da zai iya dawo da su ko ya so. Ba laifin masu ado ba ne, iyakar abin da bango zai iya faɗa ke nan. Abin da bango ya kasa faɗa kuwa ya rage ga iri na biyu na ado, watau hotuna da rubuce-rubuce da sunaye, waɗanda mutum ne ya zaɓe su ya rataya. A wannan otal abin da aka fifita shi ne hotunan manyan jiragen fasinja da tsofaffin takardun talla na zamanin kamfanin White Star, mai jirgin Titanic. Daga nan matsalar take farawa.

5.0 Sunan Aro

Jirgin Titanic an ƙera shi ne a Belfast, a masana'antar Harland and Wolff. Ya tashi daga Southampton ranar 10 ga Afrilu 1912, ya nutse ranar 15 ga wata, mutum kimanin 1,500 suka halaka. Bai taɓa shiga ruwan Liverpool ba, balle Tashar Stanley, wadda ko kusa ba za ta ɗauke shi ba. Gaskiya ne yana da alaƙa da birnin, domin a can aka yi masa rajista, sunan Liverpool ne a rubuce a bayansa, babban ofishin White Star yana kan titin James, kuma da yawa daga ma'aikatansa mutanen birnin ne. Amma alaƙar ta birni ce, wannan sito ba shi da rabo a cikinta. Dalilin sunan a fili yake: kamfanin da ya yi gyaran shi ne mai raya unguwar Titanic a Belfast, kuma tun bayan fim ɗin James Cameron na 1997 sunan jirgin ya zama haja mai tsada a ko'ina cikin duniya.

Kwatanci zai taimaka. A 2017 an buɗe wani Otal ɗin Titanic a Belfast, cikin tsohon ofishin Harland and Wolff, inda ɗakunan zane suke, watau ainihin wurin da aka zana jirgin. A can suna da gini da ado duk labari ɗaya suke bayarwa, wanda ya tsaya a ɗakin zane ya ga hoton jirgin ya ƙaru da sanin wurin da yake tsaye. A Tashar Stanley kuwa, gwargwadon yadda baƙo ya kula da hotunan, gwargwadon yadda hankalinsa zai bar ginin ya tafi teku. Zai iya kwana uku ya tafi yana tsammanin daga bakin wannan ruwa fasinjojin suka hau. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma a nan abin da ya rage a buɗe shi ne tarihin ginin na kansa.

6.0 Labarin da Aka Danne

Taba da barasar rake suna da asali. Jiragen Liverpool sun yi jigilar 'yan Afirka kimanin miliyan ɗaya da rabi zuwa bauta kafin Birtaniya ta haramta cinikin a 1807. Adalci ya sa a faɗa cewa an gina wannan sito bayan haramcin, har ma bayan 'yanta bayi a ƙasashen da Birtaniya ke mulka a shekarun 1830. Sai dai tabar da ake kawowa daga kudancin Amurka bayi ne suke noma ta har 1865, kuma gonakin raken tsibiran Karebiya sun ci gaba da gudana da ƙarfin 'ya'yan bayi da leburorin ƙwadago da aka kwaso daga Indiya. Otal ɗin ya tuna da barasar, domin akwai mashaya da zauren taro masu ɗauke da sunanta, amma a matsayin abin sha ya tuna da ita, masu saran raken ba su shigo cikin sunan ba.

Haka kuma 'yan dako. A zamanin da siton yake kan ganiyarsa, leburorin tasha ba su da aiki na dindindin. Sukan taru sau biyu a yini a wuraren da aka keɓe, heluma ya zo ya nuna waɗanda yake so a ɗauke su aikin rabin yini, saura su koma gida hannu rabbana, kuma ba a kawar da wannan tsari gaba ɗaya ba sai 1967. Da yawansu zuriyar mutanen Ayalan ne da yunwa ta koro, waɗanda fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu suka sauka a Tashar Clarence, nan kusa, tsakanin 1845 da 1852. A lokacin babban yajin aikin sufuri na 1911, soja sun harbe mutum biyu har lahira a titin Vauxhall ranar 15 ga Agusta, 'yar tafiya kaɗan daga ƙofar wannan sito, wata takwas kafin nutsewar Titanic. Waɗannan su ne mutanen da Yarjejeniyar Nizhny Tagil take nufi. Su suka sha bugu irin na kura, ga shi kuma gardi ne, watau jirgin da bai taɓa zuwa wurin ba, yake karɓar suna da kuɗi.

Ana iya kawo hanzari cewa otal kasuwanci ne, baƙo hutu ya zo yi, kuma birnin yana da gidajen tarihi masu wannan aiki, kamar Gidan Tarihin Bauta na Duniya da aka buɗe a Tashar Albert a 2007. Wannan hanzari yana da ƙarfi, amma bai isa ba saboda dalili biyu. Na farko, babu wanda ya tilasta wa otal ɗin ya sayar da tarihi. Shi ya zaɓi ya yi haka, kuma wanda ya kasa tarihi a faifai dole ya amsa tambaya a kan ingancin hajarsa. Na biyu, ba za a ce an guje wa labarin 'yan dako don kada a ɓata wa baƙo rai ba, alhali sunan da aka zaɓa na jirgin da ya nutse da mutum 1,500 ne. Abin da aka yi shi ne an fifita baƙin cikin da fim ya riga ya ƙawata, mai fitilu da kaɗe-kaɗe da tufafin alfarma, a kan baƙin cikin da ke da nasaba da talauci da bauta, wanda har yanzu yana iya tayar da tambaya a kan inda arzikin birnin ya fito.

7.0 Abin da Ya Shafe Mu

Wannan batu bai yi mana nisa ba. Bayan da layin dogo ya fara aiki zuwa Kano a 1912, gyaɗa da auduga da fatun ƙasar Hausa sun bi ta hannun kamfanoni irin su John Holt da Elder Dempster, waɗanda cibiyarsu take Liverpool a lokacin. Wannan ciniki ya bar mana namu gine-ginen: sito-sito a bakin layin dogo, da gidajen gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau, da masaƙun Kakuri, ciki har da masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957 da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Lancashire, ta tsaya a 2002. Idan muka ce kayan gado, hankalinmu ya fi tafiya ga ganuwa da fada da masallaci, ba kasafai muke lissafa masana'anta ba.

In ranar ta zo da wani mai jari zai mayar da ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine masauki, haɗarin da za a fuskanta shi ne irin na Tashar Stanley. Za a so a kafa wa masaƙa zanko, a zana dagi a bango, a rataya ƙorai da hotunan hawan salla, a ce an yi adon gargajiya. Waɗannan duk namu ne, amma adon fada ne da na gida, aro ne a jikin masana'anta. Gadon masaƙa shi ne injin saƙa, da jiniyar da ke tashin unguwa da asuba, da littafin albashi, da samfurin atamfa da akoko, da sunayen dubban mutanen da suka baro garuruwansu suka zo Kakuri. Da yawa daga cikinsu suna raye, kuma aikin ɗaukar maganarsu ya rataya a wuyan manazarta harshe da tarihi tun kafin mai ado ya iso.

8.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa aikin Tashar Stanley ya yi nasara ta fuskar gini, domin an bar tsarin Hartley ya ja ragamar sabon aikin, an kuma bambanta sabo da tsoho. Ta fuskar ado ya yi nasara a inda aka kame hannu, ya raunana a inda aka rataya labarin da ba na wurin ba. Ta fuskar suna kuwa ya gaza, domin ya karkatar da hankalin baƙo daga taba da rake da 'yan dako zuwa wani jirgi da aka ƙera a wani gari ya tashi daga wani. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuskuren gini da wuya a gyara shi, amma wannan kuskure na bango ne da ƙusa, ana iya sauke hoto a rataya wani. Da za a ba hotunan tashar kanta da na ma'aikatanta wuri na gaba, a rubuta a kowane hawa irin kayan da aka ajiye a cikinsa da ƙasar da suka fito, da baƙon da ya kwana a ɗakin zai tafi ya san ko a siton wa ya kwana.